Aiki biyu, albashi biyu: inda lissafin shekara yake ruɗewa

A Abuja ba abin mamaki ba ne ka ga mutum yana koyarwa da safe a Gwarinpa, da yamma kuma yana riƙe wa wani kamfani littafin kuɗi a Wuse. Matsalar takan taso ne ranar da banki ko ofishin jakadanci suka ce ya rubuta abin da yake samu a shekara, ko kuma ya je neman takardar shaidar biyan haraji, wadda ke nuna kuɗin shigarsa na shekara uku da suka wuce.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tara alat ɗin banki. Abin da ya faɗo asusunka ragowa ce, bayan an cire haraji, an cire kashi 8 cikin 100 na fansho, wasu kuma har da kashi 2.5 na asusun gidaje. Adadin da ake nema shi ne na saman takardar albashi, kafin a taɓa komai. Shi za ka ɗauka daga kowane wurin aiki, ka haɗa. Kashi 10 da mai aikinka ke zuba maka a fansho kuwa daga aljihunsa ne, kada ka sa shi a ciki.

Wasu sukan ɗauki albashin Disamba su ninka sau 12. To, idan a watan Mayu ka fara aikin na biyu fa? Ko an yi maka ƙari a tsakiyar shekara, ko an biya ka kuɗin hutu sau ɗaya? Bi takardun wata-wata. Ka kuma lura, wasu takardun suna da layin da ke tara jimilla tun daga Janairu. Na Disamba kaɗai ya ishe ka, kada ka tara su duka.

Babban ramin yana wajen harajin kansa. Kowane akanta yana lissafa maka PAYE, wato harajin da ake cirewa daga albashi duk wata, kamar wurinsu kaɗai kake aiki, alhali hukuma mutum ɗaya take gani. A ƙarƙashin dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu, naira miliyan 2.2 da ke biye kashi 15 ne, miliyan 9 na gaba kashi 18. A ce bayan cire fansho da makamantansa kana da miliyan 3 a aikin farko, miliyan 1.8 a na biyu. Na farko zai cire maka 330,000, na biyu 150,000, jimilla 480,000. Amma idan aka haɗa miliyan 4.8 wuri guda, duk kuɗin aikin na biyu sun hau matakin kashi 18, harajin ya zama 654,000. Wato akwai bashin 174,000 a kanka, kai kuwa hankalinka kwance, kana cewa ai duk wata ana cirewa. Sassaucin 800,000 ɗin nan sau ɗaya ake ba mutum. Haka na kuɗin haya, wanda yake kashi 20 na abin da ka biya amma bai wuce 500,000 ba. A ganina gara ka faɗa wa akantocin biyu gaskiya tun farkon shekara, ka riƙa ware bambancin, ka daidaita shi a takardar bayyana kuɗin shiga da ake miƙawa kafin ƙarshen Maris. Shekarar 2025 da na baya kuma da tsohuwar doka ake lissafa su.

Idan aikin na biyu na kwangila ne, galibi kashi 5 ake riƙewa. Wannan kafin alƙalami ne, ba a gama biya ba. Karɓi takardar shaidar abin da aka riƙe don a rage maka shi daga jimillar.

Sai batun mazauni. Harajin albashi na jihar da kake zaune ne, ko ina ofishinka yake. Mazaunin Kubwa ko Nyanya na hukumar harajin Abuja ne, na Mararaba na Nasarawa, na Suleja na Neja. Duba ka tabbata wuraren biyu hukuma ɗaya suke tura wa, da lambar haraji ɗaya da rubutun suna iri ɗaya. Idan a nan an rubuta Muhammad, can an rubuta Mohammed, ana iya buɗe maka fayil biyu, takardar shaidarka ta fito da rabin kuɗin shigarka.