Yadda Ake Tantance Wilin da Zai Dace da Tsohuwar Babbar Akori-kura

Manyan akori-kura ƙirar Amurka, irin su Ford F-250 da F-350, da Chevrolet da GMC masu lamba 2500 da 3500, da kuma manyan Dodge Ram, galibinsu suna da kusoshi takwas a kowace ƙafa, wannan ne ya sa mutane da yawa suke zaton wilin ɗaya zai hau ɗaya. Yawan huji bai isa hujja ba, sai an yi awo.

A fara da tazarar kusoshi. A ɗora abin awo daga tsakiyar kusa ɗaya zuwa tsakiyar wadda ke fuskantarta. Shekara da shekaru kamfanonin uku (Chevrolet da GMC na kamfani ɗaya ne) sun tsaya a kan inci 6.5, wato milimita 165.1, har zuwa 1999 da Ford ta fito da sabbin manyan motocinta masu suna Super Duty ta koma milimita 170, sannan manyan Chevrolet da GMC suka koma 180 a 2011. Bambancin 165.1 da 170 bai cika milimita biyar ba, ido ba ya kama shi, kuma idan aka matsa wilin ya shiga da ƙarfin tsiya, notuna za su zauna a karkace, kusoshin su riƙa tanƙwaruwa har su karye ana cikin tafiya da kaya.

Daga nan sai ramin tsakiya, inda cibiyar ƙafa ke shiga. Na tsofaffin Chevrolet da GMC ya fi ƙanƙanta, kusan milimita 117, na Dodge kusan 121, na Ford kuwa ya fi su faɗi. Saboda haka wilin Chevrolet yakan tsaya a bakin cibiyar Ford ko da hujin kusoshin sun yi daidai. Wilin tsohuwar Ford mai tazarar inci 6.5 zai hau tsohuwar Chevrolet, amma da rata a tsakiya. Idan notunan masu tsinin baki ne, su ne za su daidaita wilin. Idan kuwa masu shafaffen gindi ne, cibiya ce ke daidaita shi, ratar za ta jawo karkarwar sitiyari. Kada a haɗa noti da wilin da ba irin mazauninsa ba.

Inda haɗari ya fi yawa shi ne girman wilin kansa. Da yawa daga cikin tsofaffin motocin nan sun zo da wili mai inci 16.5, wanda a ido tamkar mai inci 16 ne. Tayar 16 tana iya shiga wilin 16.5, amma bakinta ba zai taɓa zama ba, kuma idan mai faci ya ci gaba da ba ta iska, za ta iya fashewa a gabansa. A goge tsatsa a karanta lambar da aka buga a jikin ƙarfen. A ganina, wanda ya gaji wilin 16.5 gara ya sauya su zuwa 16, domin tayoyinsu sun yi wuyar samu.

Kafin a biya kuɗi, a ɗaga motar da jak, a gwada wilin a ƙafar gaba, a juya shi da hannu a ga ko yana gugar birki, sannan a karya sitiyari dama da hagu har ƙarshe. A duba nauyin da aka rubuta wilin zai ɗauka, ya kai kason da zai faɗa kan wili ɗaya daga nauyin da ke kan takardar jikin ƙofar direba. Bayan an ɗaure notuna bi da bi a gicciye, a sake matse su idan an yi tafiyar kilomita 80 zuwa 100.