Sauya bututun ruwa na gida: inda kuɗin yake tafiya da yadda ake aikin

Bututun ruwa ba ya lalacewa dare ɗaya. Yana nuna alama tun da wuri: ruwan farko na safe ya fito ja-ja, shawa ta rage ƙarfi da zarar an buɗe famfon kicin, fenti ya kumbura a gindin bango, ko a toshe yoyo a nan, bayan wata biyu wani ya ɓulle a can. Yoyo guda ɗaya bai isa ya sa a sauya bututun gida gaba ɗaya ba. Amma idan an yi faci uku ko huɗu a layi ɗaya cikin shekara guda, to bututun ne ya gaji, kuɗin faci kuma ya zama asara.

Kafin ka kira mai gyaran famfo, yi gwaji biyu da kanka. Idan gidan yana da mita, rufe duk famfuna, ka rubuta lambar da take nunawa, ka dawo bayan awa biyu. In ta motsa, ruwa yana zurarewa a wani wurin da ido ba ya gani. Gidan da ke sha daga tanki kuwa, a yi alama daidai inda ruwa ya tsaya da dare, a duba da asuba. Na biyu, ka tara bokiti mai lita 10 a famfon da ya fi kusa da mashigar ruwa, sannan ka tara a wanda ya fi nisa. Idan na farko ya cika cikin minti ɗaya, na ƙarshe kuma ya ci minti uku, akwai toshewa a tsakaninsu. Sai dai a fara kwance ragar da ke bakin famfon a wanke tukuna, domin sau da yawa yashi ne kawai ya taru a cikinta.

Wane irin bututu ne a cikin bangon

A nemi wurin da bututun ya fito fili, a kankare shi da mabuɗi, a kara masa maganaɗisu. Idan ya kama, baƙin ƙarfe ne da aka yi wa rufi don kada ya yi tsatsa. Irin wannan yakan yi shekara 40 zuwa 50, kuma daga ciki yake ruɓewa. In ka yanka tsohonsa ka leƙa, za ka tarar tsatsa ta cike ramin har fensir ba ya shiga, alhali ta waje sumul yake. Idan wurin da aka kankare ya yi ja, jan ƙarfe ne, wanda kan wuce shekara 50 in ruwan ba mai tsami ba ne. Idan kuwa ƙarfen ya yi taushi, ya yi ƙyalli kamar azurfa, maganaɗisu kuma bai kama ba, to dalma ce. Wannan ba a jiran sai ya yi yoyo, a cire shi. Dalma tana narkewa cikin ruwan sha, tana taɓa ƙwaƙwalwar ƙananan yara, tafasa ruwan kuma ba ya fitar da ita. Amurka ta hana sa irin wannan bututu tun 1986.

Zaɓen sabon

PVC, CPVC, PEX da PPR duk nau'o'in bututun roba ne. PVC na ruwan sanyi ne kaɗai. Zafin da ya haura digiri 60 yana sa shi laushi, don haka kada a yarda a ja shi daga hita ko da taku ɗaya ne. CPVC yana ɗaukar ruwan zafi, da gam ake haɗa shi, amma gam ɗinsa dabam yake da na PVC, kuma yana ƙara gautsi in ya tsufa. PEX yana lanƙwasuwa kamar tiyo, ana zura shi ta cikin silin ko bayan bango ba tare da fasa wuri da yawa ba, shi ya sa aikinsa ya fi sauri. Rauninsa biyu ne: hasken rana yana kashe shi, ɓeraye kuma suna gurgurarsa. Jan ƙarfe ya fi duka tsada, yana kuma buƙatar ƙwararren hannu.

Ga gidan bulo da za a binne bututu a cikin filasta, PPR ya fi dacewa, domin da zafi ake narkar da mahaɗarsa ta zama jiki ɗaya, babu gam, babu zare. A duba rubutun da ke jikinsa: lambar PN ita ce ke nuna matsin da yake iya ɗauka. PN10 na ruwan sanyi ne, PN20 ke ɗaukar na zafi. Ga kuma abin da ake yawan tuntuɓe a kai: girman PPR da faɗinsa na waje ake auna shi. Mai milimita 20 na PN20, raminsa milimita 13 ne da ɗan kai, mai 25 kusan 17, mai 32 kuma 21. Wanda ya ja gida gaba ɗaya da mai 20 don ya rage kuɗi, zai ƙare da sabon bututu mai ba da ruwa kamar tsohon. Babban layi ya zama 32 ko aƙalla 25, reshen kowane banɗaki 25, sai gajerun rassan da ke zuwa bakin famfo su zama 20.

Wannan ya fi muhimmanci a gidan da ruwa ke saukowa daga tanki, inda kowace mita 10 ta tsayi bar ɗaya kacal take bayarwa (bar shi ne ma'aunin matsin ruwa). Tankin da ke mita 3 sama da kan shawa bai kai sulusin bar ba, saboda haka kowace gwiwa da aka ƙara a hanya tana cin rabonta. Gida yana jin daɗin ruwa a bar 3 zuwa 4. Idan ƙarfin ruwan da ke shigowa ya wuce bar 5.5, a sa bawul mai rage shi a mashiga.

Lissafin kuɗi

Mutane suna ɓata lokaci wajen cinikin bututu, alhali shi ne mafi arha a cikin aikin. Kuɗin yana cikin bango: fasa shi, kwashe ɓaraguzai, mayar da filasta, tayil da fenti. Gida biyu masu girma ɗaya za su iya bambanta ninki biyu, don kawai ɗaya bututunsa yana bi ta silin ko ta bayan gini, ɗayan kuma yana ƙarƙashin daɓe da tayil.

Ana fara lissafi da ƙirga bakunan ruwa. Banɗaki mai masai, wurin wanke hannu da shawa yana da baki biyar: ɗaya na masai, bibbiyu na sauran saboda zafi da sanyi. Gida mai banɗaki biyu, kicin mai zafi da sanyi, injin wanki da famfon tsakar gida yana da baki 14 ke nan. Daga nan a auna tsawon kowane layi da tef, a ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari saboda guntaye da kuskuren yanka. A ƙirga gwiwoyi, mahaɗai masu baki uku, soket, da mahaɗai masu zaren tagulla, waɗanda su ne masu tsada a cikin ƙananan kaya. Bene yana ƙara kuɗi, haka kowane ƙarin banɗaki.

Ka nemi ƙiyasi a rubuce daga mutum uku, kowanne ya raba kuɗin kaya da ladan aiki. Ka tambaye su ƙarara: wa zai mayar da bango? Masu gyaran famfo da yawa suna tsayawa ne da zarar ruwa ya zo, su bar ka da neman birkila da mai tayil, kuma a nan rigima ta fi tashi. Ka duba ko tayil irin na banɗakin yana nan a kasuwa, domin in ya ƙare, fasa layi ɗaya zai iya jawo sauya bango guda. Ka ware wani abu a gefe, kamar kashi 15 cikin ɗari, saboda abin da za a tarar bayan an buɗe bango. A ƙasashe da dama sai an karɓi izinin hukuma, jami'i kuma ya duba aikin kafin a rufe, wannan ma da kuɗinsa. Bututun da ke tsakanin mita da gida galibi nauyin mai gida ne, wanda ke kawo ruwa zuwa mita kuma na hukumar ruwa, kada a taɓa shi sai da saninta.

Yadda aikin yake tafiya

Matsakaicin gida yakan ci kwana biyu zuwa biyar, ban da gyaran bango. Mai aikin da ya san hannunsa yana jan sabon layi yayin da tsohon ke aiki, sai a ranar ƙarshe ya yanke ruwa na 'yan awoyi ya juya. Ba dole ba ne a tono tsohon bututu, ana iya zubar da ruwan cikinsa, a yanke shi daga layi, a toshe, a bar shi a inda yake.

Kafin a yanka tsohon bututun ƙarfe, a kira mai aikin lantarki. A tsofaffin gidaje da yawa, a jikinsa aka ɗaura wayar da ke kai wuta ƙasa in an sami matsala. Da an maye gurbinsa da roba, wannan kariya ta yanke, kuma ba a ganewa sai ranar da hita ta ja wani.

A zana hanyar bututu a bango da alli, a miƙe sama ko a miƙe gefe, ban da karkace, don duk wanda zai kafa ƙusa nan gaba ya iya hasashen inda yake. Zurfin tsagar da ta miƙe sama kada ya wuce sulusin kaurin bango, wadda ta kwanta kuma kashi ɗaya cikin shida. Ginshiƙi da lintal ba a sassaƙa su ko kaɗan, a zagaye. Zafi a hagu, sanyi a dama. A sa babban bawul a mashiga, a kuma ba kowane banɗaki da kicin nasa, ta yadda gyaran famfo ɗaya ba zai hana gida duka ruwa ba.

Haɗa PPR shi ne wurin da aiki ke kyau ko ya ɓaci. Injin da ke narkar da shi ya kai digiri 260 kafin a fara. A yanka bututu daidai da almakashinsa, a goge ƙura da danshi, a yi alamar zurfin da zai shiga, kimanin milimita 14 ga mai 20. A tura bututu da mahaɗa cikin injin lokaci guda: daƙiƙa 5 ga mai 20, 7 ga mai 25, 8 ga mai 32. A zare, a haɗa nan take a miƙe, kada a murɗa, a riƙe na 'yan daƙiƙu, sannan a bar shi ya huce minti biyu zuwa huɗu. In zafin bai isa ba, mahaɗar za ta riƙe yau ta saki gobe. In ya yi yawa, ko aka tura fiye da alama, narkakkiyar roba tana taruwa ciki ta shaƙe ramin. Wannan ya fi muni, domin ba ya yoyo, gwaji ba ya kama shi, sai dai famfo ɗaya ya yi ta ɗigo ba a san dalili ba. Ka sa mai aikin ya haɗa guda ɗaya a gabanka, ka haska tocila ta ciki: ramin ya kasance a buɗe, da siririn zobe kawai a gefe.

Roba tana miƙewa da zafi. PPR mai tsawon mita 10 da ruwa ya ƙara masa digiri 40 yana ƙaruwa da santimita 6. Saboda haka layin zafi a sa masa rigar soso kafin a binne, wadda ke ba shi wurin motsi, tana kuma riƙe zafin. Wanda ke fili a kama shi da maƙalai kowace santimita 60 ko makamancin haka, a kare shi daga rana. Inda jan ƙarfe zai haɗu da ragowar baƙin ƙarfe, a raba su da mahaɗar tagulla ko mai roba a tsakani, in ba haka ba baƙin zai cinye a daidai wurin. Farin tef ɗin da ake sa wa zaren bututu a naɗa shi ta inda zare ke ɗaurewa, kuma kada a matse zaren ƙarfe cikin na roba da ƙarfin tsiya, tsagewa yake yi. Bawul ɗin da ke sakin ruwa a jikin hita idan matsi ya yi yawa, ba a toshe shi don yana ɗiga. Kada kuma a bar dogon reshe rufaffe da ruwa kwance a ciki, ƙwayoyin cuta suna hayayyafa a ruwa mai ɗumi tsakanin digiri 20 da 45.

Gwaji kafin filasta

Duk gaggawar birkila, kada cokalin siminti ɗaya ya hau bututu kafin wannan. Buɗe ruwa a duba da ido ba gwaji ba ne. A toshe duk bakuna, a ware hita, a cika layin daga ƙasa, a fitar da iska ta bakin da ya fi tsayi. Sai a haɗa famfon gwaji mai geji, a matsa har ninki ɗaya da rabi na ƙarfin da bututun zai riƙa ɗauka, ga PPR galibi bar 10 ake kaiwa. A rabin awa na farko allura za ta ɗan sauka saboda roba tana buɗewa, sai a ƙara matsawa. Bayan nan ta tsaya cik aƙalla awa biyu, in da hali a bar shi ya kwana. A bi kowace mahaɗa da busasshiyar takarda, ita ce ke nuna danshin da yatsa ba ya ji. Kada a gwada PVC ko CPVC da iska, in ya fashe tarwatsewa yake yi kamar kwalba.

In gwaji ya yi kyau, a ɗauki hoton kowane bango da tef ɗin awo a jiki, a adana. Kason ƙarshe na ladan aiki a riƙe shi sai an kai nan. Bayan an rufe bango, a cire ragar kowane famfo da kan shawa, a saki ruwa har ya fito garau, don ɓarɓashin roba da yashi su fita. Inda ake wanke sabon layi da kulorin, ana sa miligiram 50 a kowace lita, a bar shi awa 24, sannan a zubar har warin ya ɓace. Hita kuma a tabbatar ta cika, ruwa na fita ta famfon zafi ba tare da tari ba, kafin a kunna mata wuta, domin ƙarfen da ke ɗumama ruwan yana ƙonewa nan da nan in ya yi zafi a bushe.