Yadda ake ɗora wa JCB babban yatsa

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon rushe tsohon gini a cikin birni ya san wannan wahalar. Direba ya karya dakali, guntun kankare na rataye da rodi, ya kai bokiti ya ɗebo, abin ya sulluɓe. Ya sake, ya sulluɓe. Daga ƙarshe sai lebura ya shiga ƙarƙashin hannun mota yana turawa da kafaɗa, kowa na ihun "a hankali". Haka ake fama lokacin yashe magudanan ruwa kafin damina, idan aka ci karo da kututture ko tsohuwar taya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, bokiti kuwa hannu ɗaya ne. Maganin shi ne ƙarfen da ake kira babban yatsa: ana ɗora shi a cikin hannun baya na motar, bokiti ya naɗo ya haɗu da shi, su damƙe kaya a tsakaninsu.

A Kano duk motar da ke da bokiti gaba da hannun tono a baya JCB muke ce mata, ko da Caterpillar 428 ce ko Case 580. Sunan ya bi kamfanin Ingila da ya fitar da irinta a 1953. Abin da zan faɗa ya shafe su duka.

Ka fara da zaɓen iri

Iri biyu ne. Akwai na sanda, wanda ake tokare shi da ƙarfe mai ramuka biyu ko uku. Kana son canza tsayuwarsa sai ka sauko ka zare fin, wato ƙusar ƙarfen da ke riƙe shi, ka mayar wani rami. Akwai kuma mai silinda, wato wanda ƙarfin mai ke turawa, wanda direba ke buɗewa da rufewa yana zaune a kujerarsa. Idan aikinka ɗebe ɓaraguzai ne da lodin tifa, na sanda ya ishe ka, kuma babu tiyon da zai fashe maka a tsakiyar aiki. Mai silinda na wanda ke jera duwatsu ne ko tsintar kaya iri-iri a wuni ɗaya. Ni dai ga mai mota ɗaya da ke neman na cefane da ita, na sanda nake ba da shawara.

Kafin ka saya ko ka ba a ƙera, ɗauki tef ka auna daga tsakiyar fin ɗin bokiti zuwa bakin haƙori. Tsawon yatsan ya zo kusa da wannan awon. Sannan ka auna faɗin hannun motar ta ciki, da tazarar da ke tsakanin haƙoran bokiti, domin haƙoran yatsa tsakanin na bokiti za su shige, kamar yadda kake sarƙe yatsun hannuwanka. Idan a Ƙofar Ruwa za ka nemi farantin da za a yanka, ka nemi ƙarfe mai jure goga irin AR400 ko Hardox don haƙoran. Farantin ƙofa ba zai yi ba, wata guda zai lanƙwashe. Araha ba ta ado.

Wani abu da ake yawan mantawa: wasu motocin hannunsu na zarcewa ya ƙara tsawo. A irin wannan, yatsan dole ya zauna a ɓangaren da ke tafiya tare da bokiti. Ka ɗora shi a ɓangaren da ke tsaye, ranar da direba ya zarce hannu bokiti zai wuce ya bar yatsa a baya. In kuma ɓangaren bokitin shi ne mai shigewa ciki, ba ka da wurin walda, sai ka nemi irin yatsan da ke hawa kan fin ɗin bokiti kansa.

Shirya mota

Ka ajiye ta a daben da ya daidaita, ka sauke ƙafafun baya, ka kwantar da bokitin gaba a ƙasa, ka ja birkin hannu. Wanke hannun tas daga giris da laka, ka duba shi da fitila ko akwai tsaga, musamman kusa da fin. Yawancin motocinmu na hannu ne, sun sha aiki a Turai kafin su iso. In ka ga tsaga a gyara ta tukuna. In kuwa motar sabuwa ce mai garanti, tambayi dila kafin wuta ta taɓa ta, domin walda a hannu kan iya soke garantin.

Bokiti ne zai nuna maka wurin

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ake ɓata shi. Mutane na son su ɗauki alli su ja layi da ido su ce "nan ya yi". Kada ka yarda da idonka.

Yatsan ya fi buhun siminti nauyi, don haka a rataye shi da cen bulok, wato sarƙar ɗaga kaya masu nauyi, kada a ce yara biyu su riƙe. Haɗa shi da farantin gindinsa da sandarsa gaba ɗaya, ka manna farantin a cikin hannun motar, ka matse da kilam. Gindin yatsan ya matso kusa da fin ɗin bokiti iyakar yadda zai yiwu ba tare da sun gogi juna ba. Ka sa sandar a ramin tsakiya, inda yatsan zai tsaya kusan a miƙe daga jikin hannu. Yanzu direba ya tada mota, inji a ƙasa-ƙasa, ya naɗo bokiti kaɗan-kaɗan, kowa ya ja baya. Abin da kake nema shi ne bakin yatsa ya sadu da bakin haƙoran bokiti. In ya faɗa can cikin bokiti, farantin bai zauna daidai ba ko yatsan ya yi gajere, ƙananan kaya za su riƙa zubewa. In ya zarce haƙora, zai riƙa caka ƙasa kafin bokiti ya iso. Kashe mota, sassauta kilam, matsar da farantin, a sake. Sau biyar ma ba laifi.

Bayan nan ka naɗe yatsan ya kwanta a jikin hannu, direba ya naɗe bokiti har ƙarshe, ya kuma janyo hannun gaba ɗaya zuwa jikin bum, wato babban ɓangaren hannun da ke haɗe da jikin mota, kamar za a hau titi. Duba ko yatsan na taɓa bum, ko silinda, ko tiyo. Na taɓa tsallake wannan gwajin a wata mota da muka yi wa aiki a Dakata, saboda magariba ta kawo jiki kuma mai motar na tsaye a kaina. Washegari direba ya naɗe hannu zai fita, bakin yatsa ya murƙushe bututun mai. Sai da muka yanke waldar da giranda muka sake daga farko, kuɗin bututun kuma daga aljihuna.

In komai ya zauna, auna daga gefen hannu zuwa gefen faranti dama da hagu, ka tabbatar yana tsakiya, sannan ka zagaye shi da alli.

Walda

Sauke farantin, goge fenti da tsatsa da giranda har ƙarfe ya yi fari. Cire kan batir, ka fara da na nagatif. Wayar at, wato wayar injin walda da ake maƙalawa a jikin ƙarfe, ta maƙale a jikin hannun, dab da inda za a yi waldar. In ka maƙala ta a bokiti ko a jikin mota, wutar za ta bi ta cikin fin da bush da silinda ta ƙona su. Sandar silinda mai sheƙi a lulluɓe ta da fata ko jiƙaƙƙen buhun algarara, domin tartsatsi ɗaya in ya manne mata zai yi ta yanka sil, wato robar da ke tare mai, har mai ya fara zuba. Tiyo ma a kare su.

Sandar walda 7018 ake so, ba 6013 ta masu ƙofa da taga ba. Ita 7018 ba ta son danshi, don haka a buɗe sabon kwali, musamman a watan Agusta. Mai kauri 4mm na son amfiya wajen 140 zuwa 180, ka ga ke nan ƙaramin janareta ba zai ja ta ba. In sanyin hunturu ne ko farantin mai kauri ne, a ɗan ɗumama ƙarfen da wutar gas kafin a fara.

A mayar da farantin kan layin alli, a ɗiga walda a kusurwa huɗu, a mayar da kan batir a sake gwada naɗe bokiti sau ɗaya, a sake cire shi, sannan a cika. Ka gaya wa mai waldarka da bakinka: "Malam, ta tsawo kawai, ban da ta faɗi." Waldar da ta gitta hannun mota daga gefe zuwa gefe ita ce ke zama mafarin tsaga, domin hannun na lanƙwasa kaɗan duk lokacin da ya ci ƙasa. A bi gefuna biyu na tsawo, ɗan taƙi a dama, ɗan taƙi a hagu, ana bari yana hucewa, don kada zafi ya karkatar da farantin. In ya gama a bar shi ya huce da kansa. Kada wani yaro ya kawo bokitin ruwa da sunan taimako.

In mai silinda ne

Kana buƙatar layin mai da ke aiki gaba da baya. Layin hamar fasa kankare da ke jikin wasu motocin hanya ɗaya yake turawa, sai an ƙara masa bawul. Kafin a kwance kowane tiyo, a sauke bokiti ƙasa, a kashe inji, a motsa libobi don furesha ta sauka. Man waɗannan motoci na aiki a furesha sama da bar 200, yana iya huda fata ya shiga nama, saboda haka da guntun kwali ake neman inda ke yoyo, ba da tafin hannu ba.

Sai bawul ɗin rage furesha a layin yatsa, a saita shi yadda bokiti zai fi yatsa ƙarfi. Idan suka damƙi dutse bokiti ya ci gaba da matsawa, yatsan ne ya kamata ya ja baya. Babu wannan bawul, sandar silinda ce za ta lanƙwashe. Tiyon kuma a ɗaure su a jikin hannu, a bar musu ɗan sako-sako a gaɓa.

Gwaji

Sa fin, sa makullansu, cika giris, shafa fenti a kan waldar. Fara da tsohuwar taya, sannan kututture, sannan guntun kankare, kana ɗagawa kaɗan daga ƙasa. Ka tuna nauyin yatsan ya ci wani abu daga abin da motar ke iya ɗauka, musamman in hannu ya miƙe ta gefe. Direba ya sani yatsa na riƙo ne: ba a tura kaya da bayansa, ba a ɓanɓarar gini da shi, kuma in za a koma tonon rami sai a naɗe shi a kulle. Bayan wunin farko ka goge ƙurar ka bi waldar da fitila, ka fi mai da hankali a ƙarshen layukan ta sama. In fenti ya tsage a wurin kamar silin gashi, a tsayar da motar a kira mai walda.