Aikin talla na komisiyo: yadda za ka yi shi ba ka fito da bashi ba

Shekara biyu na yi ina yawon sayar da fitilun sola na biya kaɗan-kaɗan a Garwa da ƙauyukan kewaye, to ƙanina in irin wannan aikin ka samu zauna ka ji tun wuri.

Kafin komai ka sayi kaye, wato littafin rubutu. Wallahi da gaske nake. Duk kiliyan da ka sayar wa rubuta sunansa, ranar, lambar fitilar, nawa ya ba ka, kuma ka ɗau hoton rasit da wayarka kafin ka miƙa a biro. Ni a watana na uku aka ce 11 na sayar alhali 16 ne, biyar ɗin sun koma sunan wani yaron shef, wato ogan da ke kanmu, ba ni da takarda ko ɗaya, ina ta rantsuwa ana kallona kamar ni ne ɓarawon.

Sai babbar maganar, wadda ta kayar da mutane da yawa a kan idona: kar ka taɓa cika obijektif, wato adadin da aka ɗora maka ka sayar a wata, da kuɗin aljihunka. Ƙarshen wata zai zo saura maka uku, shef na ta kira, ƙarfe goman dare a jera sunaye a gurup na WhatsApp naka can ƙasa da jan alama, da safe a reyiniyo, wato taron ma'aikata, a tsayar da kai gaban yaran da ka girma a ce kai ne malalaci, to a nan zuciya za ta raya maka ka biya kuɗin farko da kanka da sunan ƙanwarka ko maƙwabci, ai wata mai zuwa ka mayar. Ba ka mayarwa. Wata mai zuwa ƙara maka obijektif za a yi tunda ka nuna kana iyawa, fitilun nan kuma ba mai biyansu, sai a zabtare a komisiyonka. Akwai wanda muka fara tare, sai da ya sayar da motonsa a kan haka, ya koma zuwa kasuwa a ƙafa da jaka a baya.

Za su kuma ce kar ka faɗa wa kiliyan jimillar kuɗin, na sati kawai. Faɗa masa duka, har da cewa in bai biya ba fitilar kulle kanta take. Matar da ka ɓoye wa ba biro za ta je ba, gidanku za ta zo ta yi sallama da mahaifiyarka. Shef gobe a ɗauke shi a kai Marwa ko Ngaundere, kai kuwa a unguwar nan za ka ci gaba da sallar Juma'a.

Ka bi kuɗi inda yake maimakon ihun shef. Kasuwar Pitoa ran Lahadi, ƙauyuka in kuɗin auduga ya shiga hannun manoma, amma tsakiyar damina ko ka wuni kana magana aljihu ba komai. Maris da Afrilu zafi na wuce digiri 40, fita da sassafe, azahar ka nemi inuwa ka sha ruwa, la'asar ka koma. Dare ya yi ka sa gurup ɗin a shiru.

Tambayi matsayinka tun ranar farko, ma'aikaci ne kai ko ɗan komisiyo kawai, karanta kontira ka karɓi kwafinka. In ma'aikaci ne, dokar aiki ta Kamaru ta 1992 ta ce awa 40 a sati da hutun awa 24 a jere, tun 2023 kuma mafi ƙarancin albashi a kamfanin da ba na noma ba sefa 60.000 ne, kuma dole a yi maka rajista a CNPS, asusun inshora da fanshon ma'aikata. In an danne maka haƙƙi je Inspection du travail, ofishin gwamnati mai duba harkar ma'aikata, da kayenka, su ke kiran ku sulhu kafin maganar kotu, kar ka bari shekara 3 ta wuce don daga nan haƙƙin neman albashin ya faɗi.

Sannan ka shiga adashi ko na sefa 5.000 ne a wata, kar kowa a biro ya sani, shi ne kuɗin fitarka. Duba kontira ko akwai wa'adin sanarwa kafin barin aiki. Ni sai da aka ƙirga min komisiyona na ƙarshe ya yi daidai da abin da ke kaye, na sa a aljihu, sannan na ajiye musu takardar barin aiki a kan tebur.