Idan Famfo Ya Kawo Jan Ruwa a Amurka ko Kanada

Masu tashi daga Sakkwato zuwa karatu a Amurka ko Kanada galibi a Agusta ko Satumba suke sauka, kuma kafin sanyi ya kankama sukan ci karo da abin da ba a gaya musu a gida ba. Za ka fito da safe ka tarar da ma'aikatan hukumar ruwa sun kwance famfon 'yan kwana-kwana na bakin titi, guntun ƙarfen nan ja ko rawaya, ruwa yana ta kwarara cikin kwata, su kuwa suna tsaye sun zuba masa ido. Wanda ya taɓa zaman jiran 'yan garuwa a Mabera ko Runjin Sambo cikin zafin Afrilu dole ransa ya sosu. Ka danne zuciyarka, ɗan'uwa. Aiki suke yi, kuma lafiyar ruwan da za ka sha suke tsarewa.

Bututan da ke ƙarƙashin tsofaffin biranensu na ƙarfe ne, wasu sun haura shekara 100 a binne. Tsatsa da laka suna kwantawa a cikinsu kamar yadda gurɓi yake taruwa a gindin randa, musamman a layin da ya ƙare a lungu, inda ruwa ba ya gudu sosai. Sinadarin kulorin da ake zubawa don kashe ƙwayoyin cuta shi ma yana rage ƙarfi idan ruwa ya daɗe a tsaye. Da an buɗe babban famfon, ruwa zai taho da ƙarfi ya kankare bututun, tsohon ya fita, sabo ya maye gurbinsa. A nan ne kuma suke gwada ko famfon zai yi aiki ranar gobara. Garuruwa da yawa sau ɗaya ko biyu suke yi a shekara, bayan sanyi ya wuce da kuma kafin ya dawo, kuma sukan sanar tukuna: takarda a ƙofa, allo a bakin layi, ko saƙo a shafin hukumar. Idan haya kake, sanarwar na iya tsayawa a hannun mai gida, don haka ka tambaye shi.

Abin da zai shafe ka kai tsaye shi ne famfon ɗakinka. Ranar da aka wanke layinku ruwa zai iya raguwa, ko ya zo ja, ko ruwan ƙasa. Kada ka taɓa ɓangaren ruwan zafi. Wannan ita ce wadda sababbin zuwa suka fi faɗawa: mutum ya ga jan ruwa, sai ya buɗe ko'ina don ya wuce da sauri, alhali tankin dumama ruwa yake cika wa laka, wadda za ta zauna tana ɓata masa ruwan wanka kwana da kwanaki. Na sanyi kawai za ka buɗe, a bahon wanka ya fi, ka bar shi ya zuba na 'yan mintoci. Bai washe ba? Rufe, ka jira kamar awa ɗaya, ka sake. Idan ya kwana bai canza ba, ka kira hukumar ruwa. A birane irin su New York da Toronto lambar 311 za ta kai ka gare su. In kuma fari ya zo kamar an ɗiga madara, iska ce, zuba a kofi ka ga ya washe daga ƙasa zuwa sama.

Wanki ma a ɗage shi. Farar shaddar da aka ɗinka maka a gida don Juma'a, in ta shiga injin wanki da wannan ruwa, da jirwaye za ta fito. In har ta faru, kada ka busar da ita, kada kuma ka zuba bilic, don shi yake ƙara kama tsatsa a jikin tufa. Ka bar ta a jiƙe har ruwa ya gyaru, ka sake wankewa da maganin cire tsatsa; wasu hukumomin ruwa kyauta suke bayar da shi.

Ɗabi'armu ta tara ruwa a nan take da rana. Daren da aikin zai kama, ka cika jarka ɗaya ta sha da girki, ka cika buta ta alwala. Alif kuwa a bar shi a Sakkwato. Hukumomin sukan ce jan ruwan ba ya cutarwa, amma ni ba zan haɗa wa jariri madara da shi ba.

Kada ka haɗa wannan da sanarwar a tafasa ruwa, wadda ake bayarwa idan bututu ya fashe ko ana zargin ƙwayar cuta ta shiga. Ita umarni ce: ka bar ruwa ya yi aƙalla minti ɗaya yana tafasa kafin sha ko goge haƙori, har sai sun janye. Dalma kuma wata matsala ce daban, irin wadda ta faɗa wa garin Flint a jihar Michigan tun daga 2014. Ba ta da launi, ba ta da wari, tafasawa ma ba ta cire ta. In tsohon gida ka kama kuma da yara, ka tambayi mai gida ko bututun da ya shigo gidan na dalma ne.

Shi kansa famfon titin ba naka ba ne, buɗe shi laifi ne, haka ajiye mota a gabansa. A New York sai ka bar ƙafa 15 tsakaninsa da motarka, a lardin Ontario mita 3, kuma cewa ka shiga sallah ne ka fito ba zai hana su rubuta maka tara ba. Masu nufar Ingila ba za su gan shi a tsaye ba, a ƙarƙashin ƙasa yake. Ƙaramin allo rawaya mai baƙin harafin H a jikin bango ko turke shi yake nuna inda murfinsa yake.