Darasi na Huɗu: Tsara Hoto Kafin a Danna

Kyamara ba ta zaɓe. Duk abin da ya shiga allo sai ta ɗauka, har da bokitin da ke bayan mutum, wanda idonku ya tsallake. Don haka kafin a danna ake gyara tsari.

Ku shiga saitin kyamarar waya ku kunna layukan taimako. Layi biyu a tsaye, biyu a kwance, za su raba allon gida 9, su haɗu a wuri 4. A ɗaya daga cikin mahaɗun nan za ku ɗora abin da kuke so ido ya fara gani. In mutum ne, idanunsa su zauna kan layin sama na kwance. In dama yake kallo, ku ajiye shi a hagu domin a bar masa fili a gabansa, in ba haka ba sai ya fito kamar wanda ya kafa hanci a bango. Amma fa wannan ba farilla ba ce. Ƙofa, ko fuskar da ke kallon kyamara kai tsaye, ta fi zama daidai a tsakiya.

Sai ku duba bayansa. Hoto shafaffe ne, ba ya nuna nisa yadda ido ke gani, shi ya sa turken da ke can nesa yake fitowa kamar ya tsiro daga kan mutum. Taku ɗaya zuwa gefe ya wadatar.

Kada gefen hoto ya yanke mutum a gaɓa: wuya, gwiwa ko idon sawu. A yanke a tsakiyar cinya ko ƙasa da ƙirji.

Maimakon jawo hoto da yatsu, ku matsa da ƙafa, domin jawowar kan sa hoton ya yi dishi-dishi. Sai dai kada ku kai waya dab da fuska, hanci zai kumbura. Ku bar tazarar kamar mita 1 da rabi. Yaro kuwa a tsuguna masa, kyamara ta daidaita da idonsa, don in an ɗauke shi daga sama kansa ne zai cinye hoton.

Aikin gwaji: ku ɗora kofi a kan tebur ku ɗauke shi sau 3, a tsakiya, a mahaɗar hagu, sannan a tsugune. Ku kawo hotunan aji na gaba.