Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaure ciwo da bandeji mai magani

Duk shekara sabbin ma'aikatan jinya suna shigowa ɗakin wankin ciwo, kuma duk shekara sai na ga hannu ya kai kan bandeji mai magani tun ido bai kalli ciwon ba. Na gaji da nanata magana ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta ta.

Bandejin nan iri biyu ne, kuma da yawa ba sa bambanta su. Akwai mai antibayotik na ainihi, kamar ragar nan mai maiƙo da ke ɗauke da firamisetin ko fusidik asid. Akwai kuma mai sinadaran kashe ƙwayoyin cuta waɗanda ba antibayotik ba, kamar azurfa, ko aidin, ko kuloheksidin. Antibayotik ta ƙofa ɗaya yake kai wa ƙwayar cuta hari, shi ya sa take saurin gane lagonsa ta bijire. Azurfa da aidin kuwa ta ko'ina suke far mata, don haka gagararsu ta fi wuya. Ku karanta abin da ke jikin leda kafin ku yaga.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗora shi a kan ciwo mai tsabta, wai don rigakafi. Yankan da aka ɗinke yana warkewa lafiya lau, ko ƙujewar da aka wanke tas, ba su buƙatar antibayotik. Tun a 1996 wani bincike a Amurka ya gwada basilin zalla da man antibayotik na basitirasin a kan raunukan ƙananan tiyatar fata, ba a ga wani bambancin kirki wajen ruɓewa ba. Asarar sa antibayotik babu dalili kuwa babba ce. A ƙasar Niyu Zilan an bar man antibayotik na mufirosin ana sayar da shi ba tare da takardar likita ba daga 1991 zuwa 2000, kafin a ankara fiye da ɗaya cikin huɗu na ƙwayar sitaf (wata ƙwayar cuta mai ruɓar da ciwo) da ake aunawa ta daina jin sa. Ni dai ciwo mai tsabta, wanki da ruwan salain (ruwan gishiri na asibiti) da bandeji marar magani kawai nake yi masa.

Yanzu ga wanda har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. A farkon aikina an ba ni wata dattijuwa mai gyambo a saman idon sawu. Na fara sa mata raga mai firamisetin. Mako na farko kamar ana samun sauƙi. Shiga mako na uku sai fatar da ke kewaye da gyambon ta yi ja, ta fito da ƙananan ƙuraje, tana tsattsafo da ruwa. Na ce a raina ƙwayoyin cuta ne suka ƙara ƙarfi, sai na ninka ragar gida biyu, na faɗaɗa ta har kan lafiyayyar fata. Duk zuwanta sai ta ce, "'Yata, ƙaiƙayi fa yake hana ni barci." Ni kuma in ce, "Ki yi haƙuri Mama, alamar warkewa ce." Mako shida muka yi a haka. Ranar da babbar Sista ta leƙo, ta ɗaga bandejin, ba ta yi minti ɗaya ba ta nuna mini da yatsa: jan ya tsaya cak a inda ragar ta tsaya, mai kusurwa huɗu, kamar an shata da rula. Ta ce, "Ruɓewa ba ta zana murabba'i. Jikinta ne ya ƙi maganin."

Garin neman gira na kusa rasa ido. Firamisetin ɗan gidan neomaisin ne, kuma neomaisin ya yi ƙaurin suna wajen tayar da fata, har wata ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ta ayyana shi a matsayin abin tayar da fata da ya fi ɗaukar hankali a 2010. Masu tsohon gyambo a ƙafa su suka fi kamuwa. Muka cire ragar, likita ya rubuta man kwantar da fata, aka naɗe ƙafar da bandejin matsi bayan an auna gudun jininta, sai ga gyambo ya fara haɗewa. Saboda haka ku ji da kyau: ƙaiƙayi mai tsanani, da ja mai bin siffar bandeji, da ƙuraje masu ruwa, ba kira ba ne na ƙarin magani. Ruɓewa zafi take yi, da kumburi, da zogi mai ƙaruwa, da mugunya, wani lokaci da wari. In majinyaci ya faɗi abu sau biyu, ku tsaya ku saurare shi.

Tun daga ranar na ɗauki wata ɗabi'a. Duk bandeji mai magani da na fara sawa, sai na rubuta ranar da zan sake duba shawarar, kwana 14 daidai. Na auna tsawo da faɗin ciwon da rular takarda, na rubuta. In wa'adin ya cika ciwo ya yi tsabta, na koma bandeji marar magani. In bai motsa ba, ba na ƙara wani mako "mu gani". Sai in tambayi kaina me na tsallake.

Abin da aka fi tsallakewa kuwa shi ne wanki. Wannan yana ƙona mini rai ƙwarai. Sai ka ga an buɗe ciwo, ga mataccen nama baƙi, ga yauƙi rawaya ya shimfiɗe, a ɗan dangwala auduga sau biyu, a kife da bandeji mai azurfa, a ce an gama. Me aka gama? Ƙwayoyin cuta a tsohon ciwo ba a warwatse suke ba. Suna haɗuwa su saƙa wa kansu wata yana mai danƙo, su ɓuya a ƙarƙashinta, magani ya zo ya tsaya a waje. Ko an kankare ta, cikin 'yan kwanaki take sake haɗuwa, shi ya sa ake wanki da cire mataccen nama a kai a kai. Sai dai busasshen baƙin ɓawo a diddige ko yatsan ƙafar da jini ba ya isa sosai, wannan kada ku taɓa shi sai likita ya gani.

Kuskure na biyu a muni shi ne zaton bandeji zai iya yaƙin da ya wuce bakin ciwo. Maganin da ke jikinsa sama-sama yake aiki. Idan ja ya zarce santimita 2 daga gefen ciwon, ko aka ga jan layi yana hawa, ko kaluluwa ta fito, ko zazzaɓi ya shigo, magana ta koma ta maganin sha ko allura, kuma yau ba gobe ba. Na taɓa ganin mai ciwon suga da aka yi ta canza wa bandeji a tafin ƙafa, shi ba ya jin zafi saboda jijiyoyin sun mutu, har ciwon ya kai ƙashi, ya rasa yatsu biyu. Ina zagaye iyakar jan da alƙalami a kan fata, washegari in ga ko ya haure.

Sauran a taƙaice. Kada a fasa kafso a barbaɗa garinsa a ciwo, ba don haka aka yi shi ba. Aidin ana taka-tsantsan da shi ga mai ciwon maƙoƙo, da mai ciki, da jariri, da mai ciwon ƙoda. Man ƙuna mai azurfa da salfa ba na sabon haihuwa ba ne, ba kuma na mai cikin da ya tsufa ba. Dangin neomaisin in an shimfiɗa su a babban rauni suna iya shiga jini su taɓa ƙoda da ji. Wasu bandejin azurfa da tsabtataccen ruwa ake jiƙa su, salain yana rage musu ƙarfi, a duba takardarsu. In za a ɗauki samfur don awo, a wanke ciwon tukuna, a murza tsinken audugar ɗaukar samfurin a kan nama mai rai, ba a kan mugunyar sama ba. Duk wanda ya zo da rauni mai datti ko sukar ƙusa, a tambaye shi yaushe rabonsa da allurar tetanus.